Waɗanda suka taɓa dafa risotto a gida, ku zo mu ji yadda kuka yi

Amarya a Brescia: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Maƙwabciyarmu 'yar Italiya ta aiko mana da risotto na kabewa, maigida ya ci ya ce lallai sai na koya. Na sayo shinkafar da aka rubuta Arborio a jikin ledarta, amma bayanin da ke baya ya ce kada a wanke, kuma a riƙa juyawa har ta nuna. Ni kuwa a gidanmu an koya min a wanke shinkafa sai ruwan ya yi garau, in an ɗora a rufe a ƙyale ta, don yawan juyi ke sa ta caɓe. Don Allah duk wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa min yadda ta kaya.

Hajiya a Novara: Wa alaikumus salam 'yata. Abin da aka koya miki gaskiya ne, amma na shinkafar da ake so ta fito wara-wara ne. Wannan kuwa danƙonta ake nema. Farin garin nan da ke jikin ƙwayar, wanda muka saba wankewa mu zubar, shi ne ke narkewa cikin romo ya ba abincin kauri. Kin wanke, kin zubar da rabin daɗin.

Mu nan tsakiyar gonakinta muke zaune. Daga Novara zuwa Vercelli har Pavia, in bazara ta shigo aka sako ruwa, sai ki ga fili ya zama tafki iya ganinki. Arborio ma sunan wani ƙaramin gari ne a lardin Vercelli. Italiya ce ta fi kowace ƙasa a Turai noman shinkafa, don haka mutanen nan ba sa wasa da ita.

Ga yadda nake yi wa mutum huɗu. Shinkafa giram 320, romo kamar lita ɗaya da ɗan ɗori. Romon yana tukunyarsa daban a kan wuta, yana ɗan tafasa a hankali, kada ki yarda ya huce. Na yanka albasa ƙanana sosai, na soya da man shanu a wuta kaɗan har ta yi laushi, ba tare da ta yi ja ba. Sai na zuba shinkafar a bushe, na juya minti biyu ko uku. Daga nan ludayin romo ɗaya, a juya, in ya kusa tsotsewa a ƙara wani. Tsakanin minti 16 zuwa 18 ta nuna. Ki riƙa ɗanɗanawa daga minti na 15: ƙwayar ta yi laushi, amma haƙori ya ɗan ji ta a tsakiya.

Anti a Modena: Hajiya ta gama magana, sai dai akwai abin da nake so ƙanwata ta sani tun da wuri. Kusan duk bayanin da za ki gani zai ce bayan an soya shinkafar a zuba farar giya. Mu ba ma sawa, kuma abincin ba ya rasa komai. Ɗan tsami ake nema, ni rabin lemon tsami nake matsawa a ƙarshe. In kuma a gidan abinci ne ko an aiko muku, ki tambaya, domin yawancinsu da giyar suke yi, wasu har da naman alade. Maƙwabtan nan in kin yi musu bayani sau ɗaya suna kiyayewa.

Sai maganar cuku. Parmigiano da Grana Padano ana haɗa su da wani sinadari da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi. Wasu namu suna ci, wasu suna ƙauracewa, wannan ki tambayi malaminku. Ni dai nakan nemi wani cukun daban da aka rubuta caglio microbico a jikinsa, shi ba daga dabba yake ba.

Malam mai aikin kicin a Milan: Hajiya, a yi min afuwa, akwai inda na ɗan saɓa. Ba dole ba ne a tsaya ana juyi ba ɗagawa. A wurin aikinmu mutum ɗaya kan kula da tukwane da yawa lokaci guda, yana juya kowace in ya ƙara romo, ya ɗan girgiza ta, shi ke nan. Wurare biyu ne ba a sakaci da su. Na farko suyar shinkafar a bushe: sai ka taɓa ƙwayar da bayan yatsa ka ji ta yi zafi sosai, gefenta ya fara sheƙi, sannan romo ya shiga. Na biyu ƙarshen girkin. A sauke tukunyar daga wuta gaba ɗaya, a jefa man shanu mai sanyi daga firji da gurzajjen cuku, a buga da ƙarfi da cokalin katako, a rufe minti ɗaya. In an zuba a faranti ya kamata ya baje da kansa a hankali. In ya tsaya cak a dunƙule, ya bushe, a ƙara ɗan romo.

Kuma amarya, in kin samu shinkafar Carnaroli ki fara da ita. Ta ɗan fi tsada, amma tana jure wuta, ko kin ƙara minti ɗaya ba ta farfashewa kamar Arborio. Risotto na Milan da ake ji da shi, mai ruwan ɗorawa, za'afaran ne ke ba shi launi, kuma a tsohon tsari har ɓargon ƙashin saniya ake soyawa da albasar.

Hajiya a Novara: Malam, ku wutarku da tukwanenku daban ne. Mai koyo a gida gara ta tsaya a kai, kada ta kama a ƙasa.

Yaya a Kano: Ni ban taɓa zuwa Italiya ba, amma na gwada a nan. Turararriyar shinkafar da muke dafaduka da ita ba ta yi, ko an yi ta juyawa ruwan daban yake tsayawa, ƙwayar daban. Da shinkafar tuwo na samu abin da nake so. Na tsince ta tas ban wanke ba, na yi da romon kaza da kabewa da man shanunmu na gida. Tana saurin narkewa, saboda haka na sauke da wuri. Yaran suka ce fate ne na shinkafa, suka cinye har da neman ƙari. Abu ɗaya: in romonki da dunƙule kika yi, ki rage gishiri ƙwarai, domin yana ta tsotsewa gishirin yana taruwa.

Maman 'yan biyu a Udine: A ɓangarenmu na Friuli da sha'ir suke irin wannan girkin, orzotto suke ce masa. Shi na fi yi da dare. Sha'ir ɗin da aka surfe yana ɗaukar kusan rabin awa, amma ba shi da rigima, ina iya barin sa na duba yara na dawo. Nakan sa wake da karas, ga riƙe ciki. Washegari ma in an ɗumama yana nan yadda yake, abin da risotto ba ya yi.

Amarya a Brescia: Allah ya saka da alheri. To in ya yi saura fa? Mu biyu ne kawai.

Malam mai aikin kicin a Milan: Ki auna giram 80 ga kowane mutum. In ya saura ki sa a firji da wuri. Gobe ki shafa man shanu a kasko, ki baje shi da faɗi, ki danna, ki bari ƙasan ya yi ƙanzo sannan ki juya ɗaya gefen. Mutanen Milan riso al salto suke kiransa.

Hajiya a Novara: Kuma 'yata, kada ki ɗora sai maigidan ya shigo gida ya yi sallah. Wannan abincin ba a ajiye shi a kula, minti goma ya isa ya daskare. Kabewar ki yanka ƙanana ki soya tare da albasar tun farko, rabinta zai narke ya rina shinkafar. In kin yi ki dawo ki ba mu labari.