Yanke ƙarfe a injin sassaƙa (lathe, mai juya ƙarfe wuƙa tana sassaƙa shi): me ya sa wuƙa take karyewa dab da tsakiya?

Ɗan koyo:
Salamu alaikum manya. Gyaran fuska, rage kauri, faɗaɗa rami, har fitar da zare, duk hannuna ya fara faɗawa. Yankewa ce ta gagare ni. Sai wuƙar ta yi nisa lafiya lau, saura kaɗan ta kai tsakiya, sai injin ya ɗauki kuka, ƙarfen ya hau kanta, ƙas! Me kuka gani a naku aikin?

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam yaro. Kafin komai, duba tsayin wuƙar. Yadda nake yi, ina maƙala siririn rula na ƙarfe tsakanin bakinta da aikin, in matsa a hankali. Rula ya tsaya cak, kana kan tsakiya. Kansa ya karkata can baya, wuƙa ta yi sama, gugar ƙarfen kawai za ta riƙa yi. Ya karkato wajenka, ta yi ƙasa, wannan ita ce ƙarfe yake ja ya haye. A rage kauri ɗan bambancin nan ba ya tona asiri, amma a yanka, da kaurin ya ragu sai ya fito fili. Sannan kar ka zuro wuƙar fiye da rabin kaurin aikin da ɗan ƙari, ka yanka dab da haƙoran cok, wato abin da ke damƙe aikin yana juya shi, ka kulle keken da ke ɗauke da wuƙar. In ka tokare aikin da santa ta baya, wato tsinin da ke tallafe ɗaya ƙarshensa, janye ta kafin ƙarshe, in ba haka ba gefe biyun za su matse wuƙar.

Mai ƙaramin inji:
Baba ya gama magana, sai dai nawa injin ba shi da nauyi, ko na daidaita komai sai ya yi karkarwa. Abin da ya fisshe ni shi ne faɗaɗa hanyar: in shiga kaɗan, in fito, in gusa gefe, in sake shiga, ɓarɓashin ya samu wurin fita. Ƙarfe mai kauri kuwa ba na jayayya da shi, ina barin ɗan saura, in kashe injin, in ƙarasa da zarto.

Mai aikin CNC (injin da kwamfuta ke sarrafawa):
Akwai lissafi a ciki ma. Gudun da bakin wuƙa ke gani yana raguwa tare da kaurin, a tsakiya kuwa sifili ne, can turawa take yi ba yanka ba. Mu umarnin G96 muke sawa injin ya riƙa ƙara juyi, mu ɗaure shi da umarnin G50 kar ya wuce kima, sannan mu rage turi sosai idan saura kamar milimita 2. Kai da ke injin hannu, ƙarfe mai laushi mai kaurin milimita 50 da wuƙar HSS, wato wuƙar ƙarfe zalla da ake wasawa, wajen juyi 190 a minti ne na rage kauri. Yanka ka sauko kusan rabi.

Tsohon hannu:
Rage juyi na yarda, amma kar yaron nan ya ji “rage turi” ya koma shafa ƙarfe. Tsoro ya fi gaggawa cin wuƙa. Ƙarfe mara tsatsa irin 304, ka dakata a cikinsa ko na ɗan lokaci, wurin ya taurare ke nan, da ka dawo baki ya dakushe.

Injiniya a masana'anta:
Gaskiya ne Baba. Kuma kowane ƙarfe da halinsa. Alminiyon yana manne wa bakin wuƙa, ɗigon kananzir ke raba su. Tagulla mai ruwan ɗorawa (brass) fizgar wuƙa take yi in an wasa saman wuƙar da gangara, a bar saman a miƙe. Kas, wato ƙarfen zubi, kuwa a bushe nake yanka shi, gari yake zubarwa.

Ɗan koyo:
Na gode iyayena. Na sa rulan, kansa ya karkato wajena sosai. Zan yi wa wuƙar ciko a ƙasa. Baba, in ɗan ƙullutun nan ya rage a tsakiyar abin da ya faɗo, da me kake cire shi?