Neman shawara: alharini yana sauya launi a ruwa, shin in koma zaren roba wajen ɗaurin ƙudan fatsa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan ɗaurin ƙudan fatsa irin na gargajiyar arewacin Ingila, wato ƙudajen nan masu nutsewa da ake ɗaurawa a jikin ƙugiya da zaren alharini da gashin tsuntsu mai laushi, domin kifi ya zata ƙwaro ne. Ina zaune a Bradford, kuma kogin Wharfe nake zuwa kamun kifin tirawut, inda tsofaffin masu fatsa har yanzu suke riƙe da ƙudaje uku, Partridge and Orange da Snipe and Purple da Waterhen Bloa. Su nake son hannuna ya faɗa a kansu kafin a buɗe kakar kamu a ƙarshen watan Maris.

Abin da ya fi damuna shi ne launi. Idan na gama ɗaure Partridge and Orange jikinsa yakan fito ruwan lemo mai haske, amma da zarar ya taɓa ruwa sai ya rine ya koma ruwan ƙasa mai duhu, har na fara tunanin ko zaren da na saya ba na ƙwarai ba ne. Ban da wannan, zaren yana yin gashi-gashi tun ina tsakiyar naɗi, wani lokaci ma ya tsinke, sannan kan ƙudan yana fitowa da kauri fiye da na waɗanda nake gani a akwatin mutane. An kuma shaida mini cewa zaren alharini na kamfanin Pearsall's da magabata suka yi aiki da shi an daina yin sa. Shin akwai hikimar da ta sa ake nacewa a kan alharini, ko kuwa in koma zaren roba wanda ya fi ƙarfi, ya fi siranta, ya kuma fi sauƙin samu? Allah ya saka da alheri.

Wani dattijo mazaunin Leeds:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kwantar da hankalinka, zarenka lafiyarsa ƙalau, kuma wannan rinewa da ta tayar maka da hankali ita ce dalilin da ya sa aka zaɓi alharini tun farko. Kifi ba ya ganin ƙuda a bushe a kan teburinka, a jiƙe yake ganinsa, haske yana ratsa shi daga sama. Alharini idan ya sha ruwa yakan yi duhu, ya kuma zama mai ɗan ratsuwa, ta yadda launin ƙarfen ƙugiya yake bayyana ta ƙarƙashinsa. Shi ya sa ruwan lemon nan yake komawa ja mai duhu da ɗan sheƙi, wanda ya fi kusa da jikin ƙwarin da suke ƙyanƙyashewa a kogi. Mutanen da suka tsara waɗannan ƙudaje sun zaɓi launi ne bisa abin da zai zama a cikin ruwa, ba bisa abin da ido yake gani a kan kwarkwaro ba.

A garin da kake zaune ɗin nan, wato Bradford, Harfield Edmonds da Norman Lee suka buga littafinsu na fatsa a 1916, kuma a cikinsa suka ɗaure kowane ƙuda da lambar zaren Pearsall's: lamba 6a ga Partridge and Orange, lamba 8 ta shunayya ga Snipe and Purple, lamba 4 ta rawaya ga Waterhen Bloa. Lambobin nan su ne har yau ake kwatance da su ko da an sauya kamfani.

Ga abin da nake so ka yi. Ka ɗauki ƙugiya mai ruwan tagulla da wata mai farin ƙarfe, ka naɗa musu zare iri ɗaya ba tare da gashi ba, ka jefa su a kofin gilashi mai ruwa, sannan ka ɗaga kofin saitin taga da rana. Za ka ga ta farkon ta fi duhu nesa ba kusa ba, ta biyun kuma tana riƙe da hasken lemonta. Daga nan za ka gane cewa ƙugiya ma tana cikin launin ƙuda, kuma kai ne za ka zaɓi wadda ta dace da abin da kake nufi.

Wani maɗinkin babbar riga daga Zariya:

Malam, ni ba mai fatsa ba ne, amma alharini abokin aikina ne, don haka bari in ce wani abu a kan gashi-gashin da tsinkewar. Sau da yawa laifin ba na zare ba ne, na fatar yatsa ne. Alharini yana kama duk wani kaushi, ko da ido ba ya ganinsa, kuma sanyin ƙasarku yana busar da hannu fiye da hunturunmu. Ka goge kan yatsunka da dutsen goge kaushi, ka shafa man kaɗanya da dare kafin ka kwanta, amma kada ka shafa lokacin aiki domin maiƙo yana ɓata launi. Ka kuma ajiye zaren a inda rana ba ta dukansa, saboda rana tana kashe launinsa tana kuma cinye ƙarfinsa. Idan tsohon kwarkwaro ka samu, ka warware sahun sama ka yar kafin ka fara.

Idan wani ya ba ka shawarar alharinin tsamiya irin namu, wanda ake samu daga saƙar tsutsa a dafa da toka a kaɗa da hannu, to ban ga zai yi maka ba. Yana da kyau a wuyan riga, amma kaurinsa ba ya tafiya daidai, kuma ya yi wa ƙaramar ƙugiya girma.

Wani ɗan'uwa da ke koyar da ɗaurin ƙuda a Sikotland:

Maganar Malam na Zariya gaskiya ce, sai dai in ƙara da wurare biyu da zare yake cin rauni. Na farko tsinin ƙugiya ne: duk lokacin da ka zagayo da zare ta ƙasa kusa da lanƙwasa, idan ba ka karkatar da hannu ba tsinin zai tsage sili ɗaya ko biyu, kuma ba za ka lura ba sai an yi naɗi biyar a gaba. Na biyu bakin bututun mariƙin zare ne, musamman na ƙarfe mai arha. Ka nemi mai bakin tangaram, ka kuma ɗan buɗe ƙafafunsa domin kwarkwaro ya riƙa juyawa ba tare da ka fizga ba. Alharini ba ya miƙewa kamar zaren roba, saboda haka ba ya yi maka gargaɗi kafin ya tsinke. Akwai kuma murɗewa: mai aiki da hannun dama yana ƙara wa zare murɗi da kowane zagaye, don haka bayan naɗi kaɗan ka saki mariƙin ya rataya, ka juya shi baya har zaren ya huce.

Game da kaurin kai, alharini ya fi zaren roba na zamani kauri sosai, kuma ba ya yafe naɗin da ba shi da aiki. Ka ja zaren ta cikin danƙo tukuna, wanda ake haɗawa da kakin zuma da ƙaro da ɗan mai. Ka ɗumama shi tsakanin yatsu, ka ja zaren da sauri sau ɗaya domin zafin gogayya ya narkar da abin da ake buƙata. Zaren da ya sha danƙo yana kama ƙarfe da naɗi uku, inda busasshe zai nemi shida. Ka fara kaɗan bayan hujin ƙugiya, ka bar wurin da kai zai zauna, ka ɗaure gashin tun farko, sannan ka gangara da naɗi manne da juna har saitin tsini, ka dawo. Sahu biyu kenan, kuma jiki ya ƙare. Kada ka bi shi har lanƙwasa, gajeren jiki shi ne siffar waɗannan ƙudaje. Daga nan ka naɗa gashin sau ɗaya da rabi, iyakarsa biyu, ka kama shi da naɗi biyu, ka rufe da ƙullin naɗi uku. Idan ka ƙirga za ka ga kan bai wuce naɗi biyar ko shida ba.

Gashin ma yana da hannu a kaurin. Na makwarwar Turai, wanda ake cira daga bayanta, karansa yana da kauri daga gindi, don haka ka ɗaure shi ta tsinin gashin, inda karan yake siriri, kuma idan silin ya yi yawa ka zage gefe ɗaya gaba ɗaya. Ƙugiya mai lamba 14 ita ce ta koyo, daga baya ka sauka 16, wadda ta fi ƙanƙanta.

Danƙo iri biyu ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Farin yana barin launi kusan yadda yake, shi za ka sa wa lemo da shunayya. Baƙin, irin na dukawa, yana mayar da rawaya ta koma kore mai duhu irin na zaitun, kuma da shi ake samun jikin Greenwell's Glory, ƙudan da James Wright ya fara ɗaure wa limamin coci William Greenwell a bakin kogin Tweed a 1854. Wannan launi ba a sayensa a kanti, a yatsa ake yin sa.

Wani matashi mazaunin Manchesta:

Ina girmama abin da manya suka faɗa, amma ina ganin ya kamata a gaya wa ɗan'uwanmu ɗaya ɓangaren. Ni da zaren roba nake ɗaure Partridge and Orange, kuma kifi yana kamawa. A ganina abin da yake jawo tirawut shi ne motsin gashin nan mai laushi da yadda ƙuda yake tafiya da ruwa ba tare da igiya ta ja shi ba. Wanda ya ɗaura da alharini mafi tsada, sannan ya bar ƙudansa yana jan ruwa, wanda ya ɗaura da roba ya iya jifa zai fi shi kamu. Kada tsadar zare ta hana mai koyo yin ɗauri da yawa, domin yawan ɗauri shi ne yake gyara hannu.

Dattijon Leeds:

Ɗana na Manchesta bai yi ƙarya ba, kuma ba zan ce kifi yana ƙin zaren roba ba. Jifa da tafiyar ƙuda su ne gaba, marubucin fatsa W. C. Stewart tun 1857 yake nanata cewa a fuskanci inda ruwa yake fitowa, a yi jifa da gajeriyar igiya, kuma har yau maganarsa tana nan. Inda na saɓa da shi shi ne a ruwa mai tsabta marar zurfi, lokacin da kifi ya samu sararin duba abin da yake zuwa. A nan ne jikin da haske yake ratsawa yake nuna fifikonsa a kan wanda launinsa ya tsaya cik, jiƙe ko bushe. Wannan abin da idona ya gani ne a kogunan Wharfe da Ure, ba zan kira shi hujjar da ta rufe baki ba. Sannan batun tsada bai kai yadda ake zato ba, domin ƙuda ɗaya bai cin zaren da ya wuce kamu guda, kuma ƙaramin kwarkwaro zai cika akwati ya yi saura.

Akwai kuma fa'idar da ta shafi mai koyo kansa. Siririn zaren roba yana ɓoye naɗin banza, mutum ya yi ta tarawa bai sani ba, alhali alharini yana nuna kowane zagaye a fili. Wanda ya koya da shi hannunsa yakan saba da tsimi, kuma ko ya koma roba daga baya ƙudansa zai fito tsaf.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malamai. Na yi gwajin kofin, kuma na ga bambancin ƙugiyoyin biyu da idona. Saura abu biyu: wane zare zan saya a madadin Pearsall's, kuma yaya ake sa gashin dabbar nan a jikin Waterhen Bloa ba tare da ya rufe rawayar ba?

Ɗan'uwan Sikotland:

Game da zare, da yawa daga masu ɗauri sun koma alharinin Morus, wanda aka yi domin ya bi launukan da, wasu kuma suna amfani da YLI mai lamba 100, zaren ɗinki ne na Japan, ya ɗan fi siranta, abin da yake taimako a ƙugiya mai lamba 16. Kada ka sayi launi da yawa. Rawaya mai haske da lemo da shunayya sun ishe ka. Kowanne ka samu, ka jiƙa shi a kan ƙugiya kafin ka yanke masa hukunci, domin zare biyu da suka yi kama a bushe suna iya rabuwa a ruwa.

Shi kuwa Waterhen Bloa, gashin da ake sa masa na mol ne, wata ƙaramar dabba mai haƙa rami a ƙasa wadda gashinta gajere ne mai ruwan toka. A da har da na ɓeran ruwa ake yi, amma yanzu doka ta kare shi a Birtaniya, don haka a bar shi. Ba murza gashin ake yi a kan zare ba. Ka tsinko kaɗan, ka wargaza shi tsakanin yatsu har ya zama kamar ƙura, ka sa wa zaren farin danƙo mai ɗan yauƙi, sannan ka taɓa gashin a jikin zaren taɓawa kawai. Abin da ya manne shi ne rabonsa, sauran ka hure. Idan ka naɗa, ya kamata ka iya ƙirga zagayen rawayar ta cikin tokar, kuma idan ba ka iya ba to ya yi yawa, ka warware ka rage. Gashin da ake naɗawa a wuyan ƙudan kuwa daga ƙarƙashin fiffiken kazar ruwa ake cirowa, mai ruwan toka, karansa kuma yana da rauni ƙwarai, don haka ka kama shi da sassauci wajen naɗi. Idan ba ka samu ba, gashin wuyan kaza mai laushi da aka rina ruwan toka zai tsaya a madadinsa. Ka ɗaura shi a lamba 14 domin farkon kakar kamu, lokacin da manyan ƙwarin nan masu ruwan zaitun suke fitowa da tsakar rana a Maris da Afrilu, ka sa shi a tsakiya idan ka jera ƙudajen uku a igiya ɗaya.