Musayar Waƙa: Wane Faifan Deep Purple Ne Gaba?

Dattijon Zaure:

Assalamu alaikum, ma'abota kiɗan rok mai zafi. Ƙungiyar Deep Purple ta ƙasar Ingila ta haura shekara 50 tana kiɗa, faya-fayan da ta fitar kuma sun wuce 20. Ina roƙon kowa ya zaɓi guda ɗaya tak, ya kawo hujjarsa a waƙe, wanda bai gamsu ba shi ma ya mayar da martani a waƙe. Ni zan fara.

Ga nawa zaɓin, ba zan tsaya kewaye-kewaye ba,
In Rock na ɗauka, a kansa nake tsayawa.

A shekarar 1968 aka kafa ƙungiyar a Ingila,
Faifai uku suka yi suna laluben farawa.

Rod Evans ke waƙa, Nick Simper ke riƙe da jitar bes,
Kiɗan akwai daɗi, sai dai babu girgizawa.

Sai a 1969 mawaƙi Ian Gillan da mai bes Roger Glover suka maye gurbinsu,
Daga ƙungiyar Episode Six suka taso, al'amari ya soma sauyawa.

Mai kaɗa ogan Jon Lord ya ja su zauren Royal Albert da ke Landan,
Da manyan makaɗan gargajiyar Turai suka yi haɗuwa.

Mai jita Ritchie Blackmore bai gamsu da wannan hanya ba,
So yake a ji jita da ganga suna tsawa.

Suka koma ɗakin ɗaukar sauti da wannan niyya,
A watan Yunin 1970 In Rock ya shigo kasuwa.

A bangonsa akwai fuskokinsu biyar a jikin dutse,
Dutsen Rushmore na Amurka aka kwaikwaya wurin zanawa.

Lord ya jona ogan ɗinsa na Hammond da lasifikar Marshall,
Sautin ya yi kaushi har ya kai shi da jita suna karawa.

Ku saurari Child in Time, wadda ta haura minti 10,
Gillan na farawa ƙasa-ƙasa, murya na ta hauhawa.

Jigonta ƙin yaƙi ne, kuma ƙarar da yake yi a ƙarshen hawan,
Ta ishe ni bayani ko da ban ji kalmar da yake furtawa.

Duk faifan da ya biyo baya a kan sawunsa ya taka,
Don haka na ba shi gaba, ina jiran mai musantawa.

Mai Allurar Faifai:

Baba, na gaishe ka, na kuma ji bayaninka,
Ba ni da niyyar rushe ginin hujjarka,
Sai dai ka ba ni dama in tsaya a gabanka,
In ce Machine Head ne faifan da ya cancanta.

A watan Disambar 1971 suka yi tafiya,
Montreux ta Siwizalan suka nufa gaba ɗaya,
Da motar ɗaukar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones ta haya,
A gidan cacar garin aka shirya za a girke ta.

Ranar 4 ga wata makaɗi Frank Zappa na gidan a kan dandamali,
Wani ɗan kallo ya harba bindigar haske babu hankali,
Rufi ya kama, aka shiga tsananin hali,
Gini ya ƙone ƙurmus, wuta ta ci abinta.

Claude Nobs, mai shirya bikin kiɗan jaz na garin,
Shi ya yi ta fitar da matasa daga cikin ginin,
Su kuwa suna kallon hayaƙi a saman ruwan tafkin,
Daga nan waƙar Smoke on the Water ta samo asalinta.

Suka koma wani zaure, Pavilion ake kiransa,
Maƙwabta suka kai ƙara saboda ƙarfin amonsa,
'Yan sanda suka zo, kowa ya naɗe kayansa,
Sai a Grand Hotel da babu baƙi ciki aiki ya daidaita.

A wani lungun otal ɗin kayan kiɗa suka kafa,
Suka jingina katifu don amsa-kuwwa ta lafa,
Jin abin da aka ɗauka sai an yi doguwar tafiyar ƙafa,
Ta ɗakuna da baranda cikin sanyi kafin a kai ga mota.

Wahalar ta sa suka daina yawan komawa saurare,
Suka dogara da kunnensu da abin da suka kaɗa tare,
Waƙa 7 suka fito, kowace tana nan a tsare,
Babu wadda za ka ɗage allura ka tsallake ta.

Ka saurari Highway Star inda Lord ke fara zuba nasa,
Blackmore ya biyo da kiɗan da ya zauna ya tsara da kansa,
Salon Bach, tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, ake jiyowa a ƙarƙashinsa,
Ga gudu ga lissafi, babu ɗayan da ya ɓata.

In Rock ingarma ne da ba a sa wa linzami ba,
Ƙarfinsa ya isa, amma bai gama horuwa ba,
Machine Head da ya fito a Maris 1972 bai rage gudun ba,
Sai dai mahayi ya riƙe ragama, tafiya ta inganta.

Gwaggon Makaɗa:

Yaya, barka da hutawa, ɗana, sannu da ƙoƙari,
Na karanta baitocinku har ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya.

Ku biyun duk kun tsaya a ɗakin ɗaukar sauti,
Ni kuwa a gaban jama'a nake auna gaskiya.

A watan Agustan 1972 suka sauka ƙasar Japan,
Dare biyu suka yi a Osaka, a Tokiyo kuma dare ɗaya.

Martin Birch ya zauna da na'ura mai layi 8 yana ɗauka,
Abin da aka kaɗa shi aka saki, babu ƙari daga baya.

Da farko don kasuwar Japan kaɗai aka nufe shi,
Da aka ji yadda ya yi, Made in Japan ya fita duniya.

Waƙa 7 ce a faifai biyu, 4 daga Machine Head aka ɗebo,
Taka Child in Time na ciki, Yaya, ta ƙara tsayi da nauyin murya.

Akwai wurin da Blackmore ke jefa jimla da jita,
Gillan ya maido masa ita da maƙogwaro, babu kuskure ko ɗaya.

A The Mule aka bar wa mai ganga Ian Paice filin shi kaɗai,
Hannu biyu da ƙafa biyu, kowanne da aikin da ya iya.

Space Truckin' da ba ta kai minti 5 a Montreux ba,
Ta cinye fuskar faifai guda, ta doshi minti 20 tana tafiya.

Abin da ke riƙe ni shi ne yadda suke sauraren juna,
Ɗaya ya karkata, huɗu su bi shi ba tare da an shirya.

Kuma a lokacin tsakanin Gillan da Blackmore babu daɗi,
Har Gillan ya bar su a Yunin 1973, Glover ma ya kama hanya.

Mutanen da zama ya gagare su amma kiɗa ya haɗa su haka,
A wannan faifan kaɗai nake jin su har cikin zuciya.

Dattijon Zaure:

Ƙanwata, hujjarki ta yi nauyi, na jinjina miki,
Amma akwai wuri ɗaya da nake son ki yi dubawa.

Faifan dandamali ba ya zuwa da sabuwar waƙa,
Abin da aka riga aka tsara shi yake maimaitawa.

In an cire In Rock da Machine Head daga lissafi,
Me zai rage a Osaka da za a yi ta tafawa?

Gwaggon Makaɗa:

Yaya, faifan da muka fi so ka tambaya tun farko,
Ba ka gindaya sharaɗin sutudiyo a cikin tambaya.

Kuma maimaici ban ji shi a Made in Japan ba,
Waƙar da aka kaɗa a Osaka ba haka take fita a Tokiyo gaba ɗaya.

An saki sauran dararen daga bisani, kowa na iya kwatantawa,
Blackmore ba ya bin sawun abin da ya kaɗa jiya.

Mai tsara waƙa yana da ladan tsarinsa, ban hana shi ba,
Amma cikar waƙar na samuwa ne ranar da aka fito da ita fili tsakiya.

Ɗan Autan Zaure:

Iyayena, ku gafarce ni in sa baki a maganar manya. Duk kun tsaya a shekarun Gillan na farko, ni kuwa faifan da ya zo bayan tafiyarsa ne ya kama ni.

Da mawaƙi da mai jitar bes suka tafi a shekara guda,
Da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta kai ƙasa.

Aka ɗauko Glenn Hughes daga ƙungiyar Trapeze,
Mai jitar bes ne, kuma muryarsa na hawa can bisa.

David Coverdale kuwa a kantin tufafi yake aiki a Redcar,
Ya ga sanarwar neman mawaƙi, ya aika da kaset ɗinsa.

Suka koma Montreux a Nuwambar 1973 da motar nan ta haya,
A Fabrairun 1974 Burn ya fito, ya ba masu shakka amsa.

Murya biyu ce ke karɓa-karɓa a mafi yawan waƙoƙin,
Ta Coverdale mai kauri a ƙasa, ta Hughes na yawo samansa.

A waƙar da ta buɗe faifan, Paice ba ya jiran a ba shi fili,
Yana zuba ganga a tsakiyar baiti, kuma bai taɓa sakin ma'auninsa.

A Mistreated Coverdale shi kaɗai ya rera,
Kiɗan bulus ne mai nauyi, ana jin ciwon a numfashinsa.

Wata biyu bayan fitarsa suka hau dandamalin bikin California Jam a Amurka,
Saurayin kanti ya tsaya gaban dubun dubatar jama'a da ƙafarsa.

Ban ce ya fi naku tsari ko tarihi ba, iyayena,
Na zaɓe shi don jarumtar sake gini bayan abin da aka rasa.

Mai Allurar Faifai:

Ƙanena, Burn faifai ne, ban ƙi maganarka ba,
Amma haɗin da ya haife shi bai yi tsawon rai ba,
Faifan Stormbringer da ya biyo ya karkata ga kiɗan da Blackmore bai so ba,
A 1975 ya fice, ya kafa ƙungiyar Rainbow, hanya ta bambanta.

Mai Sauraren Dare:

Malamai, na daɗe ina bin ku ban ce uffan ba,
Na ga babu wanda ya wuce 1975, sai na nemi dama.

Sun watse a 1976, bayan faifai ɗaya da sabon mai jita Tommy Bolin,
A 1984 mutum biyar na In Rock suka sake zama.

Perfect Strangers suka yi a Vermont ta Amurka,
Faifai ne mai kyau, na ba shi nasa girma.

Amma nawa zaɓin Now What?! ne na shekarar 2013,
Wanda Bob Ezrin ya jagoranci aikinsa har aka gama.

Jon Lord ya rasu ranar 16 ga Yulin 2012,
Gare shi suka sadaukar da faifan, don yi masa sallama.

A faifan, Don Airey ne a kan ogan, Steve Morse a kan jita,
Paice kaɗai ne bai taɓa barin kujerarsa ba tun da aka soma.

Gillan ya daina neman ƙarar da ya yi yana saurayi,
Ya rera da muryar shekarunsa, ba tare da yin fama.

Na fi son jin dattawa suna kiɗan da ya dace da su,
Fiye da jin suna bin samartakar da ba za ta koma.

Dattijon Zaure:

Malam, maganarka a kan muryar Gillan ta shige ni,
Zan nemi faifan 2013 in sake saurarawa.

Ƙanwata, na karɓi Made in Japan cikin gasa,
Amma In Rock na nan a hannuna, ba ni da shirin sakewa.

Ga wani faifai da babu wanda ya tsaya masa,
Fireball na 1971, wanda ya kai lamba 1 a Birtaniya wurin sayarwa.

Da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ake buɗe shi,
Paice ya biyo da manyan ganguna biyu yana dakawa.

Ya faɗo tsakanin In Rock da Machine Head, sai aka riƙa tsallake shi,
Wa ke da baitocin kare shi? Ya fito, muna saurarawa.