Tsohon agogo mai gidan kariya: me ya kamata a duba kafin a saya?

Ɗan_Koyo:
Assalamu alaikum. Malamai masana, ina son sayen tsohon agogon hannu daga cikin irin waɗanda aka ƙera gidansu musamman don kare inji. Hankalina ya rabu tsakanin Reverso mai juyawa, da Rolex Oyster, da masu kariyar maganaɗisu irin su Ingenieur. Shin wannan kariyar tana nan bayan shekaru sittin ko fiye? Kuma ina ne ya fi lalacewa a jikin kowanne?

Mai_Gyaran_Inji:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kowanne da abin da yake karewa, kada ka haɗa su a ma'auni ɗaya. Reverso daga buguwa yake kare gilashi kawai. An yi masa rajista a 1931, saboda hafsoshin Birtaniya masu wasan folo a Indiya da gilasan agogonsu ke fashewa. Kana tura gidan gefe a kan layinsa, ka juya shi, bayan ƙarfe ya koma sama. Ruwa kuwa ba ya cikin lissafi. Sai a 1985 aka sake fasalin gidan ya fara tare ruwa. Na kafin nan ko wanke hannu kada ka yi da shi.

Abin dubawa shi ne shimfiɗar da gidan ke zamewa a kai. Tura shi a hankali, ka juya, ka mayar. Ya kamata ka ji ya kama da ɗan ƙara, ya tsaya cak. In yana girgiza, ko yana buɗewa da kansa idan ka kaɗa hannu, to layin ya cinye ko ƙananan sifirin da ke kulle shi sun saki. Sifirin ana canzawa, layin da ya cinye kuwa aiki ne babba. Sai ka dubi zanen layuka uku da ke sama da ƙasan fuska: in sun yi laushi sun kusa shafewa, an goge gidan da inji fiye da kima. Kuma kada ka tsorata in ka ga injin wani kamfani daban, Tavannes, a cikin na farko-farko, ko fuska mai ɗauke da kalmar Reverso kaɗai. Haka suka fito kafin LeCoultre, kamfanin da ke yin Reverso, ya fara sa nasa injin a 1933.

Oyster_1926:
Malam ya gama da Reverso. A Oyster, kariyar duk tana wuri uku: murfin baya mai murɗawa, kan da ake yi wa agogo wani, da gindin gilashi. Kan wanin ne ya fi mutuwa. Danna shi ka murɗa: ya kama nan take, ya yi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya ɗaure. In rabin zagaye kawai ya yi, ko yana sulluɓewa, tiredin bututun ya cinye, kuma kai da bututu tare ake canza su.

A sa mai gyara ya buɗe baya ka ga ramin da robar tare ruwa ke zama. Gumi da gishiri sukan taru a nan su huda ƙarfen da ƙananan ramuka, kuma sabuwar roba ba ta zama daram a kan ƙarfe mai ramuka, sai an cike da waldar leza. Gilashin roba na da shi ma yakan tsage a gindi, inda zobe ya ɓoye shi. Gwajin ruwa a fara da na iska, kada a tsoma agogon kai tsaye.

Kafaɗun da ke kare kan wani a Submariner, agogon nutso na Rolex mai gidan Oyster, sun fara ne da samfuri mai lamba 5512 a 1959. Kwatanta na sama da na ƙasa. In ɗaya ya fi ɗaya siranta, aikin mai guga ne. Lambar samfuri tana tsakanin ƙafafun gida ta wajen 12, lambar agogon kuma ta wajen 6, sai an cire madauri ake ganinsu.

Hajiya_Railmaster:
Ƙanena, na maganaɗisu sun fi yaudara, domin daga waje ba ka ganin abin da ya ɓata. Ingenieur na IWC (1955), Milgauss na Rolex (1956) da Railmaster na Omega (1957) duk dabara ɗaya ce: an kewaye injin da ƙarfe mai laushi gida uku, wato fuskar kanta, zoben da ke zagaye inji, da murfin ciki. Murfin cikin nan yakan ɓata a hannun masu gyara, fuska kuma a musanya ta da ta tagulla. Ɗaya ya fita, kariyar gaus 1,000 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) ta tafi. Ka nemi hoton agogon a buɗe, da murfin a wurinsa.

Alamar maganaɗisu ya kama inji ita ce agogo ya riƙa gudu da mintuna a rana, saboda zagayen siririn sifirin sun manne da juna. Na'urar cire maganaɗisu tana warware wannan cikin daƙiƙoƙi.

Mai_Gyaran_Inji:
Ƙari a kan maganar Hajiya: yawancin na kafin farkon shekarun 1960 da radiyam, sinadari mai fitar da radiyeshan, aka shafa lambobin fuskarsu don su yi haske a duhu. Ko ya daina haske, radiyam ɗin yana nan, kuma ƙurarsa ce haɗarin. Kada ka buɗe da kanka a gida, kuma in gilashin ya tsage, a canza shi kafin ka fara ɗaurawa.