Wai mai gyaran waya da kwamfuta ba ya buƙatar digiri?

Auwalu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya, don Allah kada ran kowa ya ɓaci. Tunanin ajiye karatu nake yi. Ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, amma abin da nake koya a shagon Kawu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano cikin wata ɗaya ya fi abin da nake samu a zango guda. Har yau da biro da takarda muke rubuta manhaja ranar jarrabawa. Kawu ya ce mai gyara ba ya buƙatar digiri, ni ma na fara ganin haka.

Kawu Lawal: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa kuma ban janye ba. Tun zamanin Nokia mai tocila nake wannan sana'a, da ita na yi aure, da ita na gina inda nake zaune. Jiya wata baiwar Allah ta kawo wayar da ta faɗa bokitin wanki. An tura ta cikin shinkafa ta kwana, da safe kuma aka jona mata caji, abin da ya fi ruwan ma ɓarna. Auwalu ne ya buɗe ta, ya cire batir, ya wanke cikinta da sifirit da buroshi, ya sa mita ya gano inda wuta ke haɗewa, ya ɗauke ɗan abin da ya ƙone da injin iska mai zafi. Wayar ta tashi, matar har da hawaye saboda hotunan mahaifiyarta da ke ciki. A wane aji aka koya masa wannan?

Nura: Ina bayan Kawu. Karatun shekara huɗu sai da ya ci min shida. A 2020 yajin aikin ASUU ya haɗu da korona, kusan wata tara muna gida. A 2022 aka sake, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Na gama, na yi bautar ƙasa, ga takardu a cikin akwati, ga ni ina tsaron shagon POS na wani. Ai shi ya sa Farfesa Pantami ya rubuta littafi guda a kan fifita ƙwarewa.

Hadiza: Nura, na karanta littafin. Abin da yake cewa shi ne kada a tsaya a kan digiri kaɗai. Bai ce a watsar ba, kuma wanda ya rubuta shi sai da ya je har Aberdeen ya yi digirin digirgir.

Kawu, Allah ya ƙara girma, bari in ba ka labarin wurin aikinmu, tunda ni ma abincina ke nan, kiran "Hadiza zo, kwamfuta ta ƙi" daga safe har la'asar. Akwai lokacin da intanet ɗin ofis yake yankewa kullum wajen ƙarfe tara, firinta ta ɓace, rabin ma'aikata su zauna suna kallon juna. Kafin a ɗauke ni an kira mai gyara daga kasuwa, mutum mai hannu sosai. Ya canja wayoyin sadarwa sau biyu, ya goge kwamfuta biyu ya sake zuba musu Windows, a garin haka lissafin wata uku na wata ma'aikaciya ya tafi. Matsala tana nan. Da na zo na duba adireshin da kwamfutocin ke samu, wato lambar da ake ba kowacce don ta shiga intanet, sai na ga iri biyu ne. Ashe wani ma'aikaci ne yake zuwa da ɗan akwatin intanet ɗinsa na gida ya jona a bango don wayarsa ta samu, akwatin kuma sai ya fara raba wa kowa adireshi yana gogayya da na ofis. Na zare waya ɗaya, shi ke nan. Babu abin da ya ƙone, babu abin da mita za ta nuna. Darasin aji uku ne ya faɗo min, darasin da a lokacin nake ganin ba shi da amfani.

Kawu Lawal: Na ji. To a ina kika koyi kwance kwamfuta ki mayar ba tare da kin bar ƙusa ɗaya a tebur ba?

Hadiza: A shago, Kawu, lokacin SIWES, wato koyon aiki da makaranta ke tura ɗalibai. Ban musa ba. Ranar da na fara zuwa ko RAM, ɗan allon ƙwaƙwalwar kwamfuta, ban iya cirewa ba, kunya ta kama ni a gaban yaran shagon. Makaranta ta gaza a nan kuma ina faɗa a ko'ina. Amma wata shida suka ishe ni na koyi na hannun. Wanda ya bar makaranta, da wuya ya zauna shi kaɗai ya koyi ɗaya ɓangaren, don ciniki ba zai bar shi ba.

Kawu Lawal: Mamman Shata aji nawa ya yi a boko? Da kalangu da baki ya cika ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta kira shi ta ba shi digirin girmamawa. Su suka neme shi. A shagona waƙarsa ce ke tashi kullum, kuma yaran da ke raina ta suna jin ta kwana biyu sai ka ji suna amshi.

Baffa Isa: Lawal, Shata ɗaya ne. Makaɗa nawa aka yi a zamaninsa da suka tsufa babu ko na cefane, yau ko sunansu ba a tunawa? Ba a ɗora rayuwar yaro a kan baiwar da Allah ya yi wa mutum guda. Sannan tun da ya rasu a 1999, masu zama su rubuta waƙoƙinsa su fayyace ma'anarsu, da yawansu malamai ne da ɗaliban sassan Hausa na Zariya da Bayero.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa. Na ga yara masu kaifin hannu da aka tsayar a bakin ƙofa saboda takarda. A aikin gwamnati mai digiri da mataki na 8 yake farawa, kuma ba a ko duba takardunsa sai da shaidar bautar ƙasa. Ko daidai ne ko ba daidai ba, haka ƙasar take a yau.

Nura: Baffa, Allah ya ja kwana, amma ina aikin gwamnatin yake? Ni ina da duka takardun. Kamfanoni yanzu sun fi tambayar shaidar ƙwarewa irin CCNA, ta aikin sadarwar kwamfutoci.

Hadiza: Suna tambaya, ni ma ina da ita. Amma a tallan aikin da na cike, digiri ne a layin farko, CCNA a ƙasa.

Gwaggo Rabi: Ni ban san kwamfuta ba, amma na san ɗana. Yaron da ya kwana yana kuka don murna ranar da sunansa ya fito ba zai tashi haka kawai ya ce ya fasa ba. Auwalu, faɗa min gaskiya, me ya faru?

Auwalu: Gwaggo, kwas biyu na faɗi, duka na lissafi, sai na maimaita su. Kuma tun da aka ƙara kuɗin rajista nake ganin yadda Baba yake fama. Wancan zangon sai da ya sayar da tumakinsa biyu. Na ji nauyin in ce masa na faɗi. A shago kuwa ina taɓa abu ya gyaru, a ba ni kuɗi a hannu, in sayo wa Umma cefane.

Gwaggo Rabi: Allah sarki. Ai da ka fara da wannan.

Baffa Isa: Faɗuwa kwas biyu ba ta kai a ajiye karatu ba. Maganar mahaifinka ka bar min, ƙanena ne, ni zan same shi bayan sallar isha. Akwai kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024, babu ruwa a cikinsa. Hadiza ta duba maka sharuɗɗan mu gani.

Hadiza: Zan duba yau. Lissafin kuma ka kawo min littattafanka ranar Lahadi. Ni ma na taɓa maimaita ɗaya a aji biyu, na san inda yake kama mutum.

Kawu Lawal: Wallahi ban san da maganar tumakin ba, Auwalu, kuma raina bai so ka ɓoye min ba. Ra'ayina yana nan: mai gyara yana cin abinci ba tare da digiri ba, ga ni nan shaida. Amma ba zan so a ce tsoro ne ya kawo ka shagona ba. Rabin kuɗin rajistar bana a kaina. Ranakun karatu kada in gan ka a kasuwa kafin la'asar.

Nura: Ni dai har yanzu ina ganin shekara biyun da suka rage masa sun fi amfani a shago. Amma tunda za a haɗa biyun, Allah ya sa albarka.

Auwalu: Amin. Na gode, Allah ya saka da alheri. Kawu, to Asabar fa?

Kawu Lawal: Asabar ƙarfe tara. Wata makaranta ta kawo tsofaffin kwamfutoci takwas, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025 suna son a ga waɗanda za su ɗauki Windows 11. Hadiza, in kina da sarari ki biyo shi, akwai uku da suka ƙi kuma ban gano dalili ba.

Hadiza: Zan zo, Kawu. Kada a goge komai kafin in iso, a fara kwafe musu takardunsu.