Wai zaibar da ake kama zinare da ita, daga ina ake haƙo ta?

Abu Hafsat, Wunti:
Assalamu alaikum. Ni tela ne a nan Bauchi. Ƙanena ya yi wata bakwai yana haƙar zinare a wajen Toro. Da ya zo sallah, ya nuna mini zaiba a 'yar kwalbar allura. Kwalbar ba ta kai babban yatsana ba, amma da na ɗaga sai na ji kamar kwaɗon ƙofa. Ya kuma zo da wani jan dutse a leda, wai an ce masa uwar zaiba ce, in suka bi ramin sun huta da saye. Yana so in sa kuɗin da na tara na sabon keken ɗinki. Shin zaiba ruwa ce da ake ɗiba a ƙarƙashin ƙasa, ko dutse ne? Wani abin da ya tsaya mini a rai kuma, na gan shi ya ƙona ɗan curin zinarensa da ke haɗe da zaiba a cokali, a kan kurfotin da maiɗakina take girki.

Malam Sani, Gombe:
Wa'alaikumus salam. Ilimin duwatsu na karanta, bari in faɗi abin da na sani. Zaiba daga dutse take fitowa. Sunansa sinaba, ja ne jawur, haɗin zaiba da farar wuta ne, kuma in tsantsarsa ce kashi 86 cikin 100 na nauyinsa zaiba ce. Ba ko'ina yake samuwa ba. Ruwan zafi ne ke tasowa daga can ƙasa ta tsagogin dutse, galibi a yankin da aka taɓa yin aman wuta, in ya kusa fitowa ya huce sai ya bar jan a bangon tsagar. Shi ya sa jijiyarsa ba ta cika nisa da doron ƙasa ba, siririya ce, ta kumbura nan ta tsuke can, wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya.

Manyan ramukan duniya sanannu ne. Almaden ta ƙasar Sifen ta yi wajen shekara 2,000 ana aiki, ta fitar da kusan tan 250,000. Idriya ta Sulobeniya an gano ta a 1490. Amma ni ƙananan sun fi ba ni sha'awa, irin waɗanda suka warwatsu a tsaunukan Kalifoniya, don sun fi kama da aikin ƙanenka. Mutum kaɗan ne, su huda gefen tsauni su bi jijiya, su tokare rufin da katako, su fito da dutsen a baro. A bakin ramin a zauna a tsince mai ja da hannu, a zubar da sauran. Sai a farfasa, a ɗura a bututun ƙarfe da aka gina cikin murhun bulo, sau da yawa a haɗa da farar ƙasa don ta kama farar wutar, a toshe baki da laka, a hura itace. Zaiba na tafasa a zafin digiri 357. Tururinta ya bi wani siririn bututu mai sanyi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga a mazubi. A tulun ƙarfe ake sayar da ita, kowane kilo 34 da rabi.

Irin waɗannan ramuka farashi ne ke buɗe su, shi ke rufe su. Lokacin yaƙin duniya an yi ta buɗe su saboda ana sa zaiba a abin tayar da harsashi, da kasuwa ta faɗi a farkon shekarun 1970 aka watse. Tulin ƙonannen dutsen da suka bari har yau yana zuba guba a rafuka.

Batun dutsen ƙanenka, jan dutse a ƙasarmu mafi yawansa na ƙarfe ne, dangin marmara. Duwatsun Toro da Ningi da kuza aka san su. Sinaba ya ninka ruwa nauyi sau 8, yana da laushi, wuƙa na kankare shi ba wahala, garinsa ja ne mai haske, na ƙarfe kuwa ja ne mai duhu kamar tsatsa. Kada ku gasa shi don gwaji. Kai shi sashen nazarin duwatsu na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kafin ka fitar da ko sisi.

Maman Ilham, Azare:
Malam Abu Hafsat, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar cokalin nan ce ta hana ni wucewa. Tururin zaiba ba shi da wari, ba shi da launi. Abin da Malam Sani ya ce ana tarewa a bututu, shi ne ƙanenka ya sake muku a madafi. Yana kama bango da tufafi. Alamunsa rawar hannu, kumburin dasashi, dalalar miyau, rashin barci da saurin fushi, kuma ya fi illa ga mai ciki da ƙananan yara. Abin da ya kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010 dalma ce, ba zaiba ba, amma ta hanyar kawo aikin rami cikin gida ta shiga. Don Allah a fitar da kwalbar daga ɗakin kwana. In ta zube kada a share da tsintsiya, tarwatsewa take yi.

Malam Sani, Gombe:
Gaskiya ne, Hajiya. Akwai ƙaramar tukunyar ƙona curin zinare da mai walda zai iya haɗawa da guntayen bututun famfo, bakinta a cikin ruwa. Tana dawo da mafi yawan zaibar a sake aiki da ita. In ka nuna masa ta fuskar kuɗin da zai rage kashewa, zai fi saurin karɓa. A fili za a yi, nesa da gida.

Abu Hafsat, Wunti:
Allah ya saka muku da alheri. Na kankare dutsen da almakashi, da ƙyar ya ba da gari, kuma kalar tsatsa ne. Duk da haka zan kai jami'ar ranar Litinin. Kwalbar na sa ta a gwangwani mai murfi, na kulle a shagon baya. Maman Ilham, maiɗakina na da cikin wata biyar, kuma tana madafin lokacin da ya ƙona. Wane gwaji zan ce a yi mata in mun je awo?