Kunne lafiya lau, amma ba ya gane sauti: ta ina za a ɓullo wa atisayen?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin gyaran ji da magana. Shawara ake nema kan wani dattijo da ya yi shanyewar ɓarin jiki sau biyu. Hoton MRI, wato hoton cikin kai da ake ɗauka a asibiti, ya nuna rauni a gefen ƙwaƙwalwa na dama da na hagu, daidai inda ake tace sauti. Gwajin ji daga 250 zuwa 8000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti) bai wuce 25 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) ba, wato kunnen lafiyarsa ƙalau. Yana magana, yana karatu da rubutu. Amma a buga ƙofa ko zakara ya yi cara, sai ya waiga ya ce ya ji ƙara, bai san ta mece ce ba. Na'urar ƙara ji ba ta tsinana komai ba. Dama ba ƙarfin sauti ne matsalar ba.

Wata uku ana haɗa masa sauti goma da hotunansu, minti 20 kullum. Ya riƙe goman, amma da an canza muryar zakaran sai a koma gidan jiya. A magana yana rarrabe wasula, har gajere da dogo, kamar garin zama da garin tuwo. Baƙaƙe ne suka gagara, musamman b da ɓ, d da ɗ, kuma kallon leɓe ba ya raba su.

Shin a ƙara yawan misalan kowane sauti, ko a rage sautukan zuwa uku masu nisa da juna? Kuma a wane mataki kuke fara rufe bakinku don ya daina kallon leɓe, ya dogara da ji kaɗai?